Kati Hamsin da Ɗaya

Da tsohon mahaƙin tagulla ya ɗora takardar gidansa a kan teburin caca, sai kowa a bayan shagon askin nan na garin Kitwe ya zuba masa ido.

"Baba, rana ce ta buge ka?" in ji mai aski. "Kai da ba ka zuba kuɗi ko kwacha ɗaya sai ka yi lissafi?"

Ya yi lissafin kuwa. A wannan zagaye na kartar foka, kati ɗaya tak ne zai iya kayar da shi, wato katin sarki mai alamar jar zuciya. Sauran sun ɗauka katin hamsin da biyu ne. Shi kaɗai ya san saura hamsin da ɗaya, domin bara da amininsa ya rasu, da hannunsa ya sakaya sarkin nan a aljihun gawar, ba wanda ya gani. Tun ranar yake cinye su, tun ranar kuma yake jin tarin mamacin a bayansa duk sanda aka raba kati.

Ƙanen mamacin, wanda ya zuba makullin motarsa, ya ce, "Ka tabbata, Baba? Ina Mama za ta kwana?"

"Buɗe, yaro, ka bar surutu."

Ya buɗe. Sarkin ne, da jar ƙasa maƙale a gefensa.

"Kamfanin haƙar tagulla ya tashi maƙabarta, jiya muka mayar da Yaya ƙauye," in ji ƙanen a hankali. "Kwat ɗinsa ta ruɓe, amma katin roba ba ya ruɓewa. Na ga bai kamata a raba shi da 'yan'uwansa ba."