Tawada a Yatsan Palwasha

"Shekara tara kina ɗiga wa 'ya'yan mutane maganin shan-inna, kika manta da jikarki?" in ji likitan.

Ban manta ba. Duk ranar rigakafi nakan dawo daga lungunan birnin Peshawar na Pakistan da kumburarrun ƙafafu, na sha zagi saboda wani bidiyon waya. Sai in duba ɗan yatsan jikata Palwasha, in ga tawada, alamar wata ma'aikaciyar ta riga ta ba ta.

Yau ga ta kwance, ƙafar hagu ba ta motsi.

"Wa ke ba ta maganin?" na tambayi ubanta, ɗana Baryalai.

Ya sunkuyar da kai. "Inna, bidiyon ya ce yana hana haihuwa."

Daga aljihunsa ya zaro alƙalamin tawadata, wanda ya ɓace tun bara.