Masu Jinyar Inna

Safiyar da sojoji suka miƙa mulki muka dawo da Inna gida Wudil daga asibiti a Kano, rabin jikinta a shanye, robar abinci a hancinta. Likita ya ce magani ya yi iya yinsa, saura jinya: a riƙa juya ta dare da rana kada bayanta ya yi gyambo, a tace kunu a ɗura mata a hankali.

Yayana ya dube ni. "Ke kaɗai ba za ki iya ba, ga goyo. Ko mu mayar da ita, ko mu nemo nas."

Bai rufe baki ba hayaniya ta tashi a ƙofar gida. Na ɗauka 'yan siyasa ne za su bikin rantsuwa. Sai ga mata suna ta sallama, daga Indabo, daga Kausani, wasu da tabarmi a hammata. Maza suka cika zaure.

Wata da ban sani ba ta durƙusa. "Ku nuna mana yadda ake juya ta. Mun riga mun tsara, kowane ƙauye da ranarsa."

Na ce, "Baiwar Allah, me kuka haɗa da ita?"

Ta kamo shanyayyen hannun Inna, ta ɗora wa kanta a ciki.

"Ungozomarmu ce. Ita ta yanke mini cibiya. Duk wanda kika gani nan, hannun nan ne ya fara yi masa wanka."

Na leƙa waje. Har bakin titi mutane ne. Ni kuwa duk rayuwata na ɗauka mu biyu ne 'ya'yan Inna.