Babu Anti a Littafin

Marin farko ya tsallako katanga daidai lokacin da mai ɗinki, wadda maƙwabta ke kira Anti, ke saka zare a allura.

"To, an fara," ta ce, ta ci gaba da taka keke.

Ai ta saba. Malama, maƙwabciyarta, ita ce jarumar wasan kwaikwayon da za a yi a makarantarsu, na wani tsohon littafi da ake karantar da yara. Labarin wata mata ce da ta ce za ta fita neman na kanta, mijin ya lakaɗa mata duka har ta kwanta jinya, marubucin kuma ya rufe da cewa ta yi hankali. Mai ɗinki ta tsani littafin nan, wallahi. Amma Malama ta ɗora ranta a kan wasan, ta ce sai ta hau dandamali ko da maigidanta, direban babbar mota, zai haɗiyi zuciya. Shi ya sa ake gwaji idan yana kan hanya, ƙaninta Dogo ne ke fitowa a mijin. Dogon da ko kaza ba ya iya yankawa! Tafin hannunsa yake bugawa a cinya, ita kuma ta kurma ihu.

Yau kam abin ya yi armashi. Faranti ya tarwatse. Kujera ta daki bango har kalandar mai ɗinki ta karkace. Muryar namijin ta yi kauri, ta daina rawa.

"Da izinin wa za ki fita?"

Mai ɗinki ta riga Malama ba da amsa, don ta haddace: "Ka yi mini rai, maigida."

Sai dai ba haka ta ji ba.

"Anti! Anti, ki zo!"

Dariya ta kama ta har da riƙe ciki. Ga wasa ya ƙarato, yarinya na mance magana! Ta buga katangar da gindin almakashi.

"Ke, babu Anti a littafin! A sake daga farko!"

Aka yi tsit, sannan aka sake. Bel ya yi ta sauka, tim, tim, ihun yana dusashewa, har ya koma wani irin gurnani. Ta ƙara wa keke wuta, tana jinjina kai. Yarinyar nan za ta sa mutane kuka.

Tana kan kalmasa hannun rigar da Malama za ta saka a wasan aka yi sallama a ƙofar shago. Ta ɗaga kai.

Dogo ne, hannunsa riƙe da ledar lemo, yana murmushi.

"Anti, sannu da aiki. Rigar ta samu? Yau ai babu gwaji, Yaya ta ce mijinta ya dawo tun da safe."