Me Ya Sa Shi Kaɗai Aka Saki?

Jandarmomi, wato 'yan sanda masu kaki, sun kwashi mahauta huɗu daga kasuwar Pitowa, Hayatu na cikinsu. Zamanin mulkin Shugaba Ahijo ne, lokacin da mutum kan waiwaya kafin ya yi tari. Washegari Hayatu ya dawo gida, sauran kuwa shiru.

"Me ya sa kai kaɗai?" in ji Uba, abokin sana'arsa.

"Wallahi ban sani ba. Ce mini aka yi in tafi, na tafi."

Gaskiya ya faɗa, amma wa zai ƙoshi da "ban sani ba"? Kan ɗan Adam ba ya son rami. In ya rasa gaskiyar da zai cike shi da ita, da shara zai cike. Kafin sati ya zagayo, gari ya gama shari'a: Hayatu kunnen gwamnati ne, shi ya sayar da 'yan'uwansa. Ba wanda ya gani, amma kowa ya ji hankalinsa ya kwanta, don an sami amsa.

Namansa ya koma na ƙudaje. In ya yi sallama a majalisa, sai hira ta mutu. Abin ya ci masa rai ƙwarai.

Ana nan, naƙuda ta zo wa matarsa Luba da gardama, jini ya ɓalle. Ya ruga tasha wurin Mahmudu direba.

"Don Allah, Malam Mahmudu, asibitin Garwa! Luba ce!"

Mahmudu ya dubi fasinjojinsa, kowa ya kau da kai.

"Mota ta cika, Hayatu. Ka kira mutanenka masu kaki mana."

A amalanken shanu ya ɗora ta. Ba su kai Garwa ba ta cika, da ita da abin da ke cikinta.

Bayan girbin auduga aka sako sauran. Mahamman, babbansu, da ya ji labari sai ya dafe kai.

"Kaiconku! Ɗakin da aka kulle mu ne ya cika, Hayatu ne a bakin ƙofa, suka tura shi waje. Shi ke nan fa!"

Uba ya je ba da haƙuri. Hayatu bai ɗaga kai ba. "Je ka faɗa wa Luba," in ji shi.

Jama'a, in ba ku sani ba, ku daure ku ce ba ku sani ba. Zato ya fi sauƙin haɗiya, amma wani ne ke biyan kuɗinsa da rai.