Ƙarfen da Aka Ɗaure Gwaggo

Ina ɗan shekara tara, ina cikin yaran da ke bin Gwaggo Hansai da waƙar "mahaukaciya" a hanyar kasuwar Wudil, alhali ƙanwar mahaifina ce. Wata rana da la'asar ta cafke hannuna, ba ta sake ni ba sai a kangon tsohon asibitin masu taɓin hankali da ke bayan gari.

Rufin ya rufta, ɗakunan sai warin kashin jemage. Ta share ƙasa da ƙafa, wani zoben ƙarfe mai tsatsa ya bayyana a cikin siminti.

"Ja shi," in ji ta.

Na ja, ko motsi bai yi ba.

"Damina biyu ƙafata na ɗaure a nan. Yau ga ginin a ƙasa, ga ni a tsaye. Waƙarka ce za ta kayar da ni, ɗan nan?"

Washegari na koma cikin yaran, kuma har ta rasu ban ba ta haƙuri ba. Yanzu na yi furfura, duk wanda ya tambayi asalina da sunanta nake farawa. Mai dariya ya yi ta yi.