Kwalbar Da Ba Ta Cewa A'a

Zauna ka ji, ɗan'uwa, tunda ka ce sabon abokin kasuwancinka bai taɓa musa maka ba. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma wannan darasin a asibitin da 'yata ta rasu na koye shi. Akwai wata mata mai bincike a can, tana nazarin jinin yara masu ciwon sikila. A cewarta jikin mutum ma yakan yi tsatsa kamar ƙarfe, daga nan kumburi da raɗaɗi suke tasowa, sai dai Allah Ya zuba masa wasu furotin masu goge tsatsar. Su take nema, don ta gane ko ƙarancinsu ne yake kwantar da yaran. Ido ba ya ganinsu, sai da wani ruwa da ake kira antibodi, mai kama da karen farauta da ya san warin dabba ɗaya tak. In ya tarar da abin da ake nema, baƙin layi ne yake fitowa a kan farar takarda. Jinin da ke hannunta kuwa ɗan kaɗan ne, wanda iyaye suka yarda aka ɗiba, wasu daga cikin yaran ma sun riga mu gidan gaskiya. In ya ƙare, ya ƙare ke nan.

Ana nan aka kawo mata sabuwar kwalbar ruwan. Duk jinin da ta gwada, layi ya fito ɓaro-ɓaro. Abokan aikinta suka yi ta murna, suna cewa ta rubuta sakamako kawai. Ita dai hankalinta bai kwanta ba, don sauƙin ya yi mata yawa. Ta ɗauko wani samfuri da aka riga aka tabbatar babu furotin ɗin a cikinsa ko ɗis, ta zuba masa ruwan. Layi ya fito baƙi wuluk, kamar na sauran. Ashe karen nan kowace inuwa yake yi wa haushi. Nan take ta soke aikin watanni, ta mayar da ragowar jinin cikin firji. Wani ya ce mata, "Ke kam da taurin kai, wa zai sani?" Ta ce, "Ba don in shirya ƙarya iyayen nan suka ba ni jinin 'ya'yansu ba." Ba ta sake taɓa jinin ba sai da ta samo kwalbar da ta yi shiru a inda babu komai. Da wannan ta auna, layin ya fito siriri a jinin wasu, mai kauri a na wasu, kowa da gaskiyarsa. Cikin ragowar da ta tsare har da na 'yata, shi ya sa har yau nake sa matar nan a addu'a.

To kai ma, kafin ka miƙa wa mutumin nan makullin shagonka, faɗa masa wani shirme da gangan, ka ji ko zai ce a'a. Hausawa sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.