Ɗaki Marar Ƙofa

Ƙarfe tara na safe aka turo gadon Auta zuwa ɗakin tiyata, Yayarta na biye tana tsokanarta.

"Ke da ko allura sai an danne ki! Dubi hular da aka kifa miki, kamar biredi a leda."

Hannun Auta na dafe da mararta ta hagu, idonta na kan silin.

A bakin ƙofa nas ta tare Umma, ta ce nan ne iyakar 'yan uwa. Yaya kuwa ta sulale ta shige abinta. Dama ita ba a taɓa yin ƙofar da ta tare ta ba. Ita ce mai zuba gishiri a shayin Abba, ita ce mai ɓoye wa baƙi takalmi ƙafa ɗaya.

Shekarar Auta goma sha biyar. Tun da ta fara al'ada, duk wata sai ta yi ta birgima a ƙasa tana amai. Daga baya cikin ya tasa ta gefe guda. Maƙwabta suka fara ƙirga watanni da yatsu. Abba bai yi faɗa ba, bai yi duka ba, kawai ya daina amsa gaisuwarta. Yaya ta san irin wannan shirun sarai.

Wannan karon Umma ba ta tsaya neman izinin kowa ba. Ta ɗauki gyale, ta ja yarinyar sai asibiti.

A ɗakin tiyata nas ta murza hannuwa, ta ce yau sanyin ya yi yawa, a duba na'urar sanyaya ɗakin. Aka duba, lafiyarta lau.

Ba a tsaga cikin ba. Likita ta yi 'yan huji uku, kowanne bai fi kan ɗan yatsa ba, ta zura siririyar kyamara ta cibiya. Sai ga cikin Auta a talabijin, ja-ja, yana sheƙi.

"Kai, Auta, har a ciki ma ba ki iya gyaran ɗaki ba," in ji Yaya. Babu wanda ya yi dariya.

Likita ta nuna wa nas wani ƙulli a hagu, ya kumbura tam kamar balan-balan. "Ga shi nan. Mahaifarta ɗaki biyu ce, ɗayan ba shi da ƙofa. Haka aka haife ta. Jinin kowane wata nan yake taruwa."

Ta ɗan huda shi. Baƙin jini mai kauri ya malalo kamar tsohon man inji.

Tsokana ta ƙare wa Yaya. Ta matso gaban talabijin har hancinta ya kusa taɓa shi, hannunta ya sauka a kan tata marar ta hagu. Ta tsaya nan har aka zuƙe jinin, aka cire ƙullin, aka liƙe hujin da filasta.

A baranda likita ta miƙa wa Umma hoton da kyamara ta ɗauka, ta ce yarinya za ta warke, har haihuwa in Allah ya so.

"Likita, in da ba a kawo ta ba fa?"

"Yakan ruɓe. Sai zazzaɓi mai zafi, wani lokacin..."

Ba ta ƙarasa ba, Umma ta zube a ƙasa daɓas.

Kwana biyu aka sallame su. Abba na falo yana shan shayi. Umma ba ta cire gyale ba, ta ajiye hoton kusa da kofinsa.

"Ga jikan naka."

Ya ɗauka. Ta maimaita masa maganar likita, kalma bayan kalma. Shayin ya huce bai sani ba. Can ya miƙe, ya jawo kujerar katako jikin bango, ya hau.

"Abba, a hankali, ƙafarta ɗaya gurguwa ce," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Ni na sassauta ƙusar."

Bai ji ba. Da hannu biyu ya juyo da hoton Yaya da ke rataye yana kallon bango shekara goma sha ɗaya, tun ranar da aka binne ta da kumburarren cikinta, bai yafe mata ba.